Tarihin Matsatsi: Daga Gadar Malanville Zuwa Cikin Kwamfuta

Mutanen Madekali, a gundumar Malanville da ke arewacin Benin, ba sa buƙatar a fassara musu kalmar matsatsi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, an rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motocin da suka taso daga Kwatano suka yi jerin gwano a bakin Kwara. Tashar jiragen ruwa na sauke kaya, amma abin da ke haye kogin bai wuce wanda kwalekwale zai ɗauka ba.

Irin wannan cikas ya daɗe yana damun maƙeran kwamfuta. Duk hoton da ke motsi a allo aikin abokai biyu ne: furosesa, wadda ke lissafi da tsara umarni, da katin hoto, wanda ke zanawa. Idan ɗaya ya yi nawa, dole ɗayan ya zauna jira.

Gene Amdahl na kamfanin IBM ya bayyana ƙa'idar tun 1967: amfanin ƙara wa sashe guda sauri ba ya wuce rabon lokacin da sashen ke ci. Idan zane na cin rabin lokaci, lissafi na cin rabi, ko da an sami katin da ke gama nasa cikin ƙiftawar ido, saurin aikin ba zai haura ninki biyu ba.

Masu wasannin kwamfuta sun ga haka da idonsu. Katin Voodoo na kamfanin 3dfx, wanda ya fito a 1996, da magajinsa na 1998, zane kawai suke yi. Lissafin siffofi yana wuyan furosesa. Wanda ya ɗora Voodoo2 a kan tsohuwar Pentium ya sayi ingarma ne ya ɗaure a turke. A 1999 Nvidia ta fitar da GeForce 256, wanda ya karɓi lissafin siffofi da haske. Hanyar da ke tsakanin abokan biyu ma sai da aka faɗaɗa ta, daga AGP ta 1997 zuwa PCI Express, wadda ta fara maye gurbinta a 2004.

Duk da haka matsatsin bai gushe ba, ƙaura yake yi, abin da masu talla ba su cika faɗa ba. A allon 1080 furosesa ce kan fara gajiya. A allon 4K, mai ɗigo ninki huɗu, nauyin kan koma kan kati. Shi ya sa mai tace fim a Kano, kafin ya kashe kuɗinsa, ya kamata ya duba ma'aunin aiki yayin da na'urar ke cikin ɗawainiya. In kati yana hutawa alhali furosesa ta cika maƙil, sabon kati ba zai rage masa daren da yake kwana yana jiran fim ya kammala ba.