Buɗaɗɗun Manhajojin Sabar Imel: Lasisi, Amfani da Tsaro

Duk wasiƙar imel da ta tashi daga wani ofishi a Tudun Wada, Zariya, walau daga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello ko daga shagon ɗan kasuwa, sai ta ratsa ta wata kwamfuta da ake kira saba kafin ta isa hannun mai ita. Aikin sabar imel tamkar na gidan waya ne: ta karɓi saƙo, ta duba adireshi, ta miƙa shi gaba ko ta adana shi. Da yawa daga cikin manhajojin da ke wannan aiki buɗaɗɗu ne, wato kowa na da ikon duba yadda aka rubuta su, ya yi amfani da su, ya kuma gyara su.

Fitattu daga cikinsu

Sendmail na daga cikin tsofaffinsu. Eric Allman ne ya rubuta ta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a farkon shekarun 1980. Philip Hazel ya fara Exim a Jami'ar Cambridge ta Ingila a 1995. Postfix kuwa, Wietse Venema ne ya samar da ita a kamfanin IBM, aka sake ta a Disambar 1998. Waɗannan ukun jigilar saƙo suke yi. Dovecot, wadda Timo Sirainen ɗan ƙasar Finland ya fitar a 2002, ita ke bai wa mutum damar buɗe akwatinsa ta waya ko kwamfuta.

Sharuɗɗan lasisi

Samun manhaja kyauta ba ya nufin babu sharaɗi. Exim na ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya wajabta wa duk wanda ya gyara manhajar kuma ya rarraba ta cewa ya bayyana gyaran bisa wannan lasisin. Postfix ta fito da lasisin IBM, sannan a 2018 aka ƙara mata zaɓin lasisin Eclipse. Dovecot na amfani da MIT da LGPL. Dukkansu sun halatta amfani don kasuwanci, sai dai sun bayyana ƙarara cewa babu garanti. Idan saba ta tsaya, nauyin yana wuyan wanda ya kafa ta.

Matsayinsu a Najeriya

A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa ma'aikatu da hukumomi amfani da adireshin .gov.ng wajen aikin gwamnati, maimakon Yahoo ko Gmail. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistar adireshin .ng, yayin da Galaxy Backbone ke samar wa hukumomin tarayya hidimomin intanet. Haka kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su. Makaranta ko kamfanin da ya kafa sabarsa zai huta da biyan kuɗin wata da dala kan kowane akwati, amma dole ya tanadi tsayayyar wutar lantarki, da intanet mai ƙarfi, da ƙwararren ma'aikaci.

Batun tsaro

Tun a Nuwambar 1988 manhajar ɓarna ta Morris ta bi ta wata kafa a Sendmail ta durƙusar da dubban kwamfutoci. A Yunin 2019 aka bayyana wata babbar ɓaraka a Exim, kuma a Mayun 2020 hukumar tsaron Amurka ta NSA ta ce masu kutse na Sandworm, da ke da alaƙa da sojojin Rasha, suna amfani da ita wajen shiga sabobin da ba a sabunta ba. A 2021 kamfanin Qualys ya gano wasu kurakurai 21 a manhajar. Rufaffun manhajoji ma ba su tsira ba, domin a Maris na wannan shekarar an kutsa dubban sabobin Microsoft Exchange. A yawancin irin waɗannan hare-hare, waɗanda suka yi jinkirin sabunta manhajarsu ne suka fi shan wahala.

Ga ɗan kasuwa, haɗarin a bayyane yake. Ɓarawon da ya shiga akwati yakan yi shiru yana karanta wasiƙu, sai ranar biyan kuɗin kaya ya aiko da takarda mai ɗauke da lambar asusunsa.

Matakan kariya

Wajibi ne a riƙa sabunta manhaja da zarar an fitar da gyara, a kunna TLS domin ɓoye saƙo a kan hanya, a kuma hana baƙi aika wasiƙu ta sabar. A saita SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke taimakawa wajen tabbatar da cewa saƙo daga adireshin da ya ambata ya fito. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta su ga masu aika saƙonni da yawa. A riƙa ajiye kwafin wasiƙu a wani wuri dabam. Duk saƙon da ya zo da sauyin lambar asusu kuwa, a kira abokin ciniki ta lambar wayar da aka sani kafin a tura ko sisi.