Gudu Kaɗai Ba Ya Cin Ƙwallo: Nazari kan Horar da 'Yan Wasan Gefe Wajen Kai Hari

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ya kamata a koya wa ɗan wasan gefe, wato mai lamba 7 ko 11, yayin kai hari. An ɗora nazarin a kan ƙwallayen Ahmed Musa a gasar cin kofin duniya ta 2014 da 2018, da salon Arjen Robben, da na Manchester City a kakar 2017/18. Matsayarta ita ce, gudu hanya kawai yake buɗewa. Abin da ke haifar da ƙwallo shi ne tarbar farko da shawarar da ke biye da ita, kuma duka biyun koyonsu ake yi.

Gabatarwa

Najeriya ta daɗe tana alfahari da 'yan gefe masu zafin nama, irin su Finidi George da Tijjani Babangida da Emmanuel Amunike. Wataƙila shi ya sa masu horar da yara kan tura duk wanda ya fi gudu zuwa gefe, a ce masa, "Bi layi ka yi kuros." Umarnin bai wadatar ba, domin a fili mai faɗin mita 68, wanda ke manne da layi shi ne mafi nisa daga raga.

Nazarin misalai

A karawar Najeriya da Ajantina a 2014, Musa ya karɓi ƙwallo a ɓangaren hagu, ya karkato ciki, ya murɗa ta da ƙafar dama zuwa kusurwar raga ta nesa. Ƙwallonsa ta farko a ragar Iceland a 2018 ta fi wannan koyarwa. Victor Moses ya auno ta daga dama tana sama, Musa ya miƙa ƙafa ya sauke ta gabansa, ya ɗirka ta tana tasowa daga ƙasa. Tarbar ce ta ba shi sarari. A ta biyu ne ya yi amfani da gudu, amma ko a nan sai da ya natsu ya yanke mai tsaron gida kafin ya buga.

Robben ya shekara goma a Bayern Munich, daga 2009 zuwa 2019, yana yin abu guda: ya taso daga dama, ya shigo ciki, ya buga da hagu. Kowa ya san abin da zai yi, amma hana shi ya gagara, saboda yakan jira mai tsaron baya ya jingina nauyinsa kan ƙafa ɗaya kafin ya karya.

City kuwa, wadda ta ci ƙwallo 106 a gasar Firimiya a kakar 2017/18, ta dogara da Leroy Sané da Raheem Sterling su kutsa har kusa da layin ƙarshe, sannan su mayar da ƙwallo baya a ƙasa. Hikimar a fili take: wanda ke bayan ƙwallo ba ya satar gida, masu tsaron baya kuma suna gudu ne suna fuskantar ragarsu. A ganina, wannan ya fi kuros na sama da ake jefawa a kan sa'a.

Abin da ya shafi atisaye

Zagaya robobin atisaye ba ya koyar da shawara, tunda roba ba ta kawo tari. Ya fi kyau a haɗa ɗan gefe da mai tsaron baya ɗaya da ɗaya tun daga bakin layi, daga baya a ƙara masa abokin da zai zagayo ta bayansa, ya zaɓa da kansa: ya ba shi, ya shiga ciki, ko ya bi layi. A kuma tilasta masa amfani da ƙafar da bai saba da ita ba.

Binciken Geir Jordet na ƙasar Norway ya nuna alaƙa tsakanin yawan waiwaye kafin karɓar ƙwallo da nasarar miƙa ta. Nan ne filayenmu na turɓaya ke kawo cikas, don ƙwallo na tsalle yadda ta ga dama, yaro kuma ya saba kafa mata ido har ta iso. Koci na iya tsayawa a bayan yaron ya ɗaga yatsu, a buƙaci ya faɗi adadinsu kafin ƙwallo ta taɓa ƙafarsa.