Rajistar Mota a Wata Jiha Daban: Nazarin Haɗarin Shari'a ga Mazauna Kan Iyakokin Jihohin Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ɗabi'ar yi wa mota rajista a jihar da mai ita ba ya zaune, kamar yadda abin yake faruwa a Amurka. Ta dogara ga dokokin wasu jihohi da hukunce-hukuncen kotuna domin gano abin da ke jan mutane zuwa ga haka da kuma abin da ke biyo baya. Nazarin ya nuna cewa doka tana bin mazaunin mai mota da wurin da motar ke kwana, kuma lambar da ke jikinta ba ta sauya wannan. Haɗarin kashi uku ne: bashin haraji, tuhumar laifi, da rushewar inshora. Mazauna kan iyaka su ne suka fi fuskantarsa, domin rayuwarsu ta yau da kullum a rabe take tsakanin dokoki biyu.

Muhimman kalmomi: rajistar mota, mazauni, harajin amfani, inshora, iyakar jiha

1. Gabatarwa

A Amurka, rajistar motocin jama'a aikin jihohi ne. Kowace daga cikin jihohi 50 tana da hukumarta, da kuɗin rajistarta, da harajinta, da ƙa'idar inshorarta. New York ce ta fara wajabta rajista a 1901, sannan Massachusetts ta fara buga lambar mota da kanta a 1903. Mai karatu a Nijeriya ya saba ganin sunan jiha a jikin lambar mota, sai dai a Amurka tazarar kuɗin da ke tsakanin wata jiha da maƙwabciyarta tana iya kai dubban daloli a kan mota guda.

Wannan tazara ita ce tushen matsalar. Inda gari ɗaya ya ratsa jihohi biyu, ko kogi kaɗai ya raba su, mutum yana iya kwana a wata jiha, ya yi aiki a wata, ya yi cefane a duk wadda ta fi masa sauƙi. Daga nan sai tunani ya zo masa cewa motarsa ma tana iya ɗaukar lambar jihar da ta fi araha. Doka ba ta kallon al'amarin haka.

2. Tushen ikon jiha

Kotun Ƙolin Amurka ta daɗe da tabbatar da ikon jiha a kan motocin da ke bin hanyoyinta. A shari'ar Hendrick da Maryland ta 1915, wani mazaunin birnin Washington ya shiga Maryland da mota ba tare da rajistar jihar ba, aka ci shi tara, ya ɗaukaka ƙara. Kotun ta yanke cewa jiha tana da hurumin neman rajista da kuɗi mai ma'ana daga masu amfani da hanyoyinta, ko da baƙi ne. Shari'ar Kane da New Jersey ta 1916 ta ƙarfafa wannan matsayi. Daga baya jihohi suka riƙa yi wa juna sassauci, kowace tana amincewa da lambar sauran ga baƙo mai wucewa. Wannan sassauci na baƙo ne. Da zarar mutum ya zama mazauni, sai wa'adi ya fara ƙirguwa a kansa: kwana 20 a Kalifoniya, kwana 30 a jihar Washington, kwana 60 a Maryland.

Ginshiƙi na biyu na ikon jiha, bayan rajista, shi ne harajin amfani. Jihar da ke karɓar harajin sayarwa takan ɗora haraji daidai da shi a kan kayan da aka sayo a waje aka shigo da su domin amfani a cikinta. Kotun Ƙoli ta amince da wannan tsari a shari'ar Henneford da kamfanin Silas Mason ta 1937, wadda ta taso daga injinan da 'yan kwangila suka shigo da su jihar Washington domin gina madatsar ruwa ta Grand Coulee. Ma'anarsa ga mai mota ita ce sayen mota a jihar da ba a biyan haraji ba ya sauke masa nauyin harajin jiharsa.

Ikon jiha yana da iyaka. A shari'ar Williams da Vermont ta 1985, kotun ta soke tsarin da ke rage wa tsofaffin mazauna Vermont harajin da suka riga suka biya a wata jiha, yana hana sababbin zuwa wannan rangwame. Jiha tana iya karɓar haƙƙinta, amma ba za ta bambanta tsakanin mazaunanta ba bisa dalili marar tushe.

3. Abubuwan da ke jan mutane

Na farko shi ne harajin sayarwa. Jihohi biyar ba su da shi a matakin jiha: Alaska, Delaware, Montana, New Hampshire da Oregon. Jihar Washington kuwa tana karɓar kashi 6.5 cikin ɗari, ban da ƙarin ƙananan hukumomi. A kan motar dala 40,000, wannan kashi 6.5 kaɗai ya kai dala 2,600. A Kalifoniya, inda mafi ƙarancin harajin yake kashi 7.25, motar alfarma ta dala 300,000 tana jawo dala 21,750.

Na biyu shi ne harajin shekara-shekara. Massachusetts tana karɓar dala 25 a kan kowace dala 1,000 ta ƙimar mota. A Virginia da Connecticut ƙananan hukumomi ne ke karɓar harajin kadara a kan motoci, kuma da shi suke taimaka wa kasafin makarantu da sauran ayyukan gari.

Na uku shi ne inshora. Kamfanoni suna yanke farashi bisa adireshin da mota ke kwana, don haka mazaunin babban birni mai cunkoso da yawan sata yana biyan fiye da na ƙauye. Wasu jihohin kuma sun sassauta ƙa'ida. New Hampshire ba ta wajabta inshora a kan yawancin direbobi. Virginia ta daɗe tana barin mutum ya biya dala 500 ya tuƙa mota ba inshora, har zuwa 1 ga Yuli 2024 da ta rufe wannan ƙofa. Wancan sassauci ya taimaka wajen yawaitar lambar Virginia a titunan Maryland.

Na huɗu shi ne gudun binciken hayaƙi da lafiyar mota, da kuma neman takarda ga motar da asalinta ke da rauni. Vermont ta yi suna a nan, domin ta kasance tana yi wa tsofaffin motoci masu shekara 15 zuwa sama rajista da takardar ciniki kawai, ko da mai motar ba mazauninta ba ne. Ta daina haka a 2023.

4. Misalai biyu

*4.1 Vancouver da Portland*

Kogin Columbia ne ya raba birnin Vancouver na jihar Washington da Portland na Oregon, gadoji biyu kuma suka haɗa su. Washington ba ta karɓar haraji a kan albashi, Oregon ba ta da harajin sayarwa na gama-gari, sai wani ɗan haraji na rabin kashi ɗaya cikin ɗari da ta ɗora a kan sababbin motoci tun 2018. Wanda ya zauna a Vancouver ya riƙe lambar Oregon yana neman cin moriyar ɓangarorin biyu.

Dokar Washington ta raba laifin gida biyu. Rashin yin rajista kawai saɓa ƙa'idar hanya ne, tararsa dala 529. Amma mazaunin da ya yi rajista a wata jiha domin kauce wa haraji ya aikata laifin da kotu ke hukuntawa: ɗaurin da zai iya kai kwana 364, da waccan tara ta dala 529, da ƙarin dala 1,000, da biyan dukkan harajin da aka kauce wa. Idan ya maimaita, ƙarin yakan zama dala 5,000. Abin da ya raba matakan biyu shi ne niyya, kuma niyya da takardu ake tabbatar da ita.

*4.2 Kamfanin Montana*

Hanya ta biyu ta masu hali ce. Mutum yana kafa ƙaramin kamfani a Montana ta hannun wakili, kamfanin ya sayi motar, a yi mata rajista da sunansa. A idon dokar Montana kamfanin mazauni ne, don haka rajistar halal ce a can. Babu harajin sayarwa, babu gwajin hayaƙi, kuma motar da ta kai shekara 11 tana iya samun rajistar dindindin.

Masu tallata wannan hanya sukan kafa hujja da shari'ar Thomas da Bridges, wadda Kotun Ƙolin Louisiana ta yanke a 2014. Wani mazaunin jihar ya sayi babbar motar tafiye-tafiye mai ɗakin kwana da sunan kamfanin Montana, hukumar haraji ta bi shi da kansa, kotu kuma ta ba shi gaskiya. Dalilinta shi ne kamfanin halastacce ne mai zaman kansa, hukumar ta nemi kuɗin a hannun mutum maimakon kamfanin, kuma ba ta tabbatar da zamba ba. Hukuncin ya tsaya a kan kuskuren hukuma da dokar jiha ɗaya, bai ɗaure sauran jihohi ba. A Kalifoniya, alal misali, motar da mazauni ya sayo a waje ya shigo da ita cikin wata 12 ana ɗaukarta a matsayin wadda aka saya domin amfani a jihar, kuma nauyin kore wannan zato yana kansa.

5. Nau'o'in haɗari

Haɗarin haraji shi ne mafi sauƙin lissafi: asalin kuɗin, da kuɗin ruwa, da tarar jinkiri, wani lokaci na shekaru da dama a dunƙule.

Haɗarin laifi yana tasowa ne daga takarda. Mai neman rajista yana sa hannu cewa adireshin da ya bayar gaskiya ne. Idan na ɗan'uwa ne ko na aboki ko akwatin gidan waya, to ya yi wa jihar da ta ba shi lamba ƙarya, ya kuma kauce wa harajin jihar da yake zaune. Ta haka jihohi biyu ke iya tuhumarsa a kan mota ɗaya, kuma wanda ya ara masa adireshin shi ma bai tsira ba. Ga baƙon da ke zaune da biza ko katin zama, hukuncin da ya shafi zamba yana iya taɓa matsayinsa na shige da fice.

Haɗarin inshora ya fi duka nauyi, kuma shi aka fi mantawa da shi. Kamfani yakan karɓi kuɗin wata-wata ba tare da dogon bincike ba, sai ranar da aka yi babban hatsari ya fara tambayar inda motar ke kwana. Idan ya gano an ɓoye masa gaskiya a kan abin da ya shafi farashi, yana iya ƙin biya ko ya warware yarjejeniyar, gwargwadon abin da dokar jihar ta yarda. A ƙasar da jinyar mutum ɗaya ke iya cinye dubban ɗaruruwan daloli, wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Wanda aka buge ma yana cutuwa, domin diyyarsa takan koma ta dogara ga abin da direban ya mallaka. Wasu jihohin sun ɗora sharaɗi har a kan baƙi: a Michigan, motar baƙo da ta yi fiye da kwana 30 a jihar cikin shekara dole ta ɗauki irin inshorar jihar.

6. Yadda ake gano mazauni

Hukumomi suna haɗa alamomi: inda mutum ya yi rajistar zaɓe, adireshin takardar harajinsa, makarantar 'ya'yansa, lasisin tuƙinsa, takardar hayar gida, kuɗin wuta da ruwa. A yau an ƙara da kyamarorin karanta lambar mota da bayanan kuɗin gada da na manyan hanyoyi, waɗanda ke nuna inda mota ke wayar gari. 'Yan sandan manyan hanyoyi na Kalifoniya suna da shafin da jama'a ke kai rahoton maƙwabcin da ya daɗe da baƙuwar lamba.

Akwai waɗanda doka ta keɓe. Dokar tarayya ta 2003 mai kare haƙƙin sojoji ta ba soja damar riƙe jiharsa ta asali duk inda aka tura shi. Jihohi da yawa suna sassauta wa ɗaliban jami'a. Manyan motocin haya masu ratsa jihohi suna da tsarin raba kuɗin rajista bisa nisan da suka yi a kowace jiha.

Tsakanin mai zamba da wanda aka keɓe akwai jama'a masu yawa da halinsu bai fito fili ba: mai gida biyu, ma'aikacin da ke tuƙa motar kamfanin da ke ƙetaren iyaka, wanda ya ƙaura bai san wa'adi ya cika ba, ma'auratan da aiki ya raba wa gari. Tun da kowace jiha da yadda take fassara mazauni, mutum ɗaya yana iya cika sharaɗin jihohi biyu a lokaci guda. Irin waɗannan sun cancanci bayani a sarari daga hukuma kafin a kai ga tara.

7. Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa rajistar da ta halatta a jihar da ta bayar da ita tana iya zama laifi a jihar da motar ke zaune. Mafi aminci ga mazaunin kan iyaka shi ne lasisinsa da rajistarsa da inshorarsa su ɗauki adireshi ɗaya, wato inda motar ke kwana, ya kuma adana shaidar harajin da ya biya a wata jiha domin a rage masa. Mai gida biyu ya nemi bayani a rubuce daga hukumomin jihohin biyu, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa gaskiyar yadda yake amfani da motar. A ɓangaren hukuma, matakan Vermont a 2023 da Virginia a 2024 sun nuna cewa jihar da ke bayar da lamba tana iya toshe ɓaraka daga tushe. Daidaita ma'anar mazauni tsakanin jihohi maƙwabta, da musayar bayanan rajista, da ba sababbin zuwa damar gyara takardunsu ba tare da tara ba, za su taimaka wajen raba mai kuskure da mai ganganci.