Ciwon Ɓarin Kan Janar Grant da Ranar da Aka Ajiye Makamai a Appomattox

Daren Asabar, 8 ga Afrilun 1865, barcin kirki bai ɗauki Janar Ulysses Grant ba. Babban kwamandan sojojin tarayyar Amurka ya yada zango a wani gidan gona a jihar Virginia, kansa na sara kamar zai tsage. Ya tsoma ƙafafunsa cikin ruwan zafi da aka zuba wa garin mustad mai yaji, ya ɗaura kwaɓin garin a wuyan hannayensa da ƙeyarsa, da fatan samun sauƙi kafin gari ya waye. Maganin zamanin ke nan, domin ko asfirin sai a 1899 ya shiga kasuwa. Hadiminsa Horace Porter ya ba da labarin yadda ya iske shi wajen ƙarfe huɗu na asuba yana kai da komowa a tsakar gida, ya dafe kai da hannu biyu.

A lokacin yaƙin basasa ya kusa cika shekara huɗu. Jihohi 11 na Kudu sun ɓalle don kare bautar da baƙar fata, kuma rayukan da suka salwanta sun haura 600,000. Bayan fiye da wata tara ana tsare da birnin Petersburg, Janar Robert Lee na 'yan tawayen Kudu ya janye rundunarsa ranar 2 ga Afrilu, washegari Richmond, hedikwatar 'yan tawaye, ta faɗi. Lee ya nausa yamma da mayaƙan da yunwa ta galabaitar, Grant na biye da shi. Ranar 6 ga wata, a Sailor's Creek, Lee ya yi asarar mutum fiye da 7,000. Ranar 7 Grant ya aika masa takarda yana neman ya miƙa wuya. Amsar da ta iso tsakar daren 8 ga wata ba ta zo da abin da ake jira ba: Lee na son a zauna maganar sulhu, ba miƙa wuya ba, alhali shugaba Lincoln bai ba Grant ikon yin wannan magana ba.

Duk mai fama da ciwon ɓarin kai zai gane halin da mutumin nan yake ciki, kuma likitoci da masana tarihi da dama sun ɗauki ciwon nasa a matsayin wannan cuta. Kwana da kwanaki a kan doki, barci rabi da rabi, abinci ba a kan lokaci ba, ga nauyin sanin cewa in Lee ya kuɓuce ya haɗu da rundunar 'yan tawaye ta Janar Johnston a North Carolina, za a ci gaba da zubar da jini. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da likitocin yau ke gargaɗi a kansu.

Sai dai ba su ne tushen cutar ba, tayar da ita kawai suke yi. Tushenta yana cikin ƙwaƙwalwa, kuma galibi gadonta ake yi. Ƙwaƙwalwar mai wannan larura tana da saurin harzuƙa idan wani abu ya sauya a jiki ko a muhalli. In ta harzuƙa, babbar jijiyar da ke ɗauko saƙon ji daga fuska da kai takan saki wasu sinadarai, ciki har da wanda ake kira CGRP, su sa zafi ya taso a rufin ƙwaƙwalwa. Daga nan sai sara, sau da yawa a ɓari ɗaya, da tashin zuciya, da ƙin haske da hayaniya, na tsawon awa 4 zuwa 72. Wasu kan ga walƙiya ko zane-zane a idonsu kafin ciwon ya sauka. Mutum sama da biliyan ɗaya ke da cutar a duniya, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku, musamman saboda sauyin sinadaran jiki lokacin al'ada. Ƙishirwa, zafin rana, giya da ƙamshi mai ƙarfi duk suna iya tayar da ita. Kofi kuwa fuska biyu gare shi, yakan rage ciwon ga wani, ya tayar wa wanda ya saba da shi ranar da bai samu ba. Shi ma Grant kofi ya sha da safiyar 9 ga Afrilu a sansanin Janar Meade, ɗaya daga kwamandojinsa, ya ɗan ji dama kaɗan.

Da sassafen Lahadi, 9 ga Afrilu, Janar John Gordon na rundunar Lee ya kai farmakin ƙarshe a kusa da ƙauyen Appomattox Court House. Ya ture mahayan Janar Sheridan na ɓangaren Grant, sai ya tarar da dakarun ƙasa jere a bayansu, cikinsu har da bataliyoyin sojoji baƙar fata da suka kwana suna tafiya. Hanya ta toshe. Gab da tsakar rana wani jami'i ya cim ma Grant a hanya da takardar Lee ta neman ganawa don miƙa wuya. Grant ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa, wanda ya kammala kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a Yulin 1885, cewa har lokacin da takardar ta iso kansa na ciwo, amma yana ganin abin da ke ciki ciwon ya tafi.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan cewa ciwon tunani ne kawai, ko kuma albishir magani ne. Ga mutane da yawa akasin haka ke faruwa, sai an sauke nauyi an samu hutu sannan ciwon ke kamawa. Abin da ya dame ni a tarihin Grant shi ne yadda zargin shaye-shaye ya bi shi tsawon yaƙin. Gaskiya ne yana da tarihi da giya, amma wasu masana na ganin akwai ranakun da ciwon kai ne ya kwantar da shi aka ce maye ne. Har yau haka ake yi wa masu wannan cuta, a kira ma'aikaci malalaci, a ce matar gida raki ya yi mata yawa.

Grant da Lee sun haɗu bayan azahar a falon gidan wani mazaunin ƙauyen, Wilmer McLean. Lee ya zo cikin kaki mai tsafta da takobi, Grant ya shigo da taɓo a takalmi. Ya bar wa hafsoshin Lee ƙananan makamansu, ya yarda duk mai doki ko alfadari ya tafi da shi don noman bana, ya ba da umarnin a raba abincin mutum 25,000. Kimanin mayaƙa 28,000 aka sallama zuwa gidajensu.

Tunawa da ranar ta sha wuya. Hafsoshin Grant sun kwashe kujeru da teburan falon, yanzu wasu na gidan tarihi na Smithsonian, teburin Lee na Chicago. A 1893 'yan kasuwa suka wargaza gidan da niyyar kai shi Washington, shirin ya rushe, tubalan suka yi shekaru a yashe. Hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa ce ta sake gina shi, kuma a bikin Afrilun 1950 zuriyar janar-janar ɗin biyu, Ulysses Grant na uku da Robert Lee na huɗu, suka yanke ƙyalle. A 2015, cikar shekara 150, an kaɗa ƙararrawa a faɗin ƙasar na minti huɗu, kowane minti a madadin shekara ɗaya ta yaƙi. An kuma tuna da Hannah Reynolds, baiwar da harsashin igwa ya raunata a yaƙin, ta cika bayan kwana uku tana 'yantacciya.

Yau akwai abin da Grant bai samu ba: magungunan triptan tun farkon shekarun 1990, da masu toshe CGRP tun 2018. Mai fama da ciwon ya riƙa rubuta ranar da ya tashi da abin da ya gabace shi, ya kai wa likita, ya daina yawan haɗiyar maganin kashe zafi, domin shi kansa yana mayar da ciwon na kullum. In kuwa ciwon kai ya sauka farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a garzaya asibiti nan take.