Giyar Atomatik: Yadda Mai Ya Karɓi Aikin Ƙafar Direba

Idan giyar motarka ta fara jinkirin shiga, ko inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba, hukuncin gareji ba ya wuce: "Alhaji, giyabos ya tafi, sai dai a sayo wani a Ƙofar Ruwa." To kafin ka sayar da buhunan masararka ka biya, bari mu duba tarihin na'urar, don zai nuna maka inda za a fara bincike.

A 1905 wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, ya fito da dabarar isar da ƙarfin inji ta hanyar ruwa, don amfanin jiragen ruwa. Ɗauki fanka biyu ka sa su fuskanci juna, ka kunna ɗaya: iskarta za ta juya ɗayar. Sa mai a madadin iska, ka rufe su cikin ƙoƙon ƙarfe, ka samu abin da ya maye gurbin kuloci ke nan. A 1939 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da Hydra-Matic a motocin Oldsmobile, giyar atomatik ta farko da aka ƙera da yawa. Tun daga nan mai ya zama komai: shi ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke matse faya-fayan da ke canza giya, shi ke sanyaya su.

Mu kuwa ta wata hanya muka biyo. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma a kan 404 da 504 masu giyar hannu yawancin manyan makanikanmu suka koyi aiki. A can, in giya ta ƙi, ƙarfe ne ya ci, sai a kwance. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta gagari mai ƙaramin ƙarfi, aka koma wa 'yan Kwatano. Daga baya na Amurka suka cika kasuwa, irin su Camry da Accord, akasarinsu atomatik. Motar da ta gama shekarunta tana kai mutum ɗaya ofis, yau ita ke jigilar buhuna daga ƙauyukan Dawakin Tofa zuwa kasuwar Dawanau cikin zafin Afrilu. Lodi da zafi kuwa su ke ƙona man giya.

Don haka fara da mai. Tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri bayan ta yi ɗumi, ka zaro sandar awo. Yawanci ana aunawa inji na aiki, giya na kan P, amma tsofaffin Honda sai an kashe inji. Lafiyayyen mai ja ne garau. In ya ragu, nemi jan ɗigo a ƙarƙashin mota. In ya koma kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga. Ka kuma tambayi irin man da aka zuba mata, don ba kowane jan mai ba ne nata. Honda, alal misali, tana da nata na musamman.

Na biyu, kwamfuta. Daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. In mota ta maƙale a giya ɗaya, sau da yawa kwamfutar ce ta tsare ta da gangan don kada ɓarna ta ƙaru, laifin kuwa na wata waya ce ko ƙaramin ma'aunin gudu.

Kada kuma ka ce yara su tura ta ta tashi kamar Fijo. Famfon man giya da inji yake juyawa. In inji na kashe, babu matsin da zai kama giya. Shi ya sa janta da igiya zuwa Kano yake iya ƙarasa ta.

Sai in man ya yi baƙi, yana warin ƙuna, ga garin ƙarfe a cikinsa, sannan maganar kwance giyabos ta taso. Ko a nan ma ka tuna, wanda za a sayo maka shi ma daga jikin tsohuwar mota aka ciro shi. A zuba masa man da ya dace tun ranar farko.