Kunun Tsamiya: Abin Karin Kumallon Hunturu

Kunun tsamiya abin sha ne mai kauri da ake damawa da gasarar gero da ruwan tsamiya. Ana shan sa duk shekara, musamman wajen buɗa-baki a watan azumi, amma ya fi karɓuwa da hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. A lokacin an gama kaka, gero sabo ne, tsamiya ta nuna, ga kuma sanyin asuba da busasshiyar iskar Sahara.

Yadda ake haɗa shi

Ana surfa gero a wanke, a jiƙa, sannan a niƙa shi da citta da kanumfari da masoro, waɗanda su ne ke sa jiki ya ji ɗumi. Sai a tace, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama. Abin da ya rage shi ne gasara. Ita kuma tsamiya a jiƙa ta, a tace, a tafasa ruwan, a sheƙa kan gasarar da aka dama da ruwan sanyi, ana juyawa don kada ya yi gudaji. Idan ruwan bai tafasa sosai ba, kunun ba zai yi kauri ba. Ana sa sukari ko zuma, a sha da ƙosai.

Hattara

Kada sanyi ya sa a shigar da murhun gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da iska mai guba marar wari, wadda kan kashe mutum yana barci.