Sallar Gani, Doki da Fadama: Hakkin Mai Yankan Ciyawa

Maƙalarmu ta wannan mako a kan Sallar Gani ce, amma za mu leƙo ta ta bayan barga, inda idon 'yan kallo ba ya kaiwa. Duk dokin da ya fito hawa yana ƙyalli, akwai wanda ya shiga fadama da lauje ya yanko masa ciyawa, kuma a 'yan shekarun nan fatar wannan mutum ce ke biyan kuɗin kwalliyar.

Gani biki ne na watan Rabi'ul Awwal, watan haihuwar Manzon Allah (SAW). A ƙasar Hausa an fi saninsa a Daura da Gumel da Haɗeja, Kanawa kuwa Takutaha suke yi. Akwai biki mai wannan suna a Kutigi ta ƙasar Nufe da kuma Nikki ta Jamhuriyar Benin. Garuruwanmu ukun nan duk sun daɗe suna fuskantar gabas. Kafin jihadi, Auyo da Haɗeja da maƙwabtansu suna ƙarƙashin inuwar Barno, ta hannun Galadiman da ke zaune a Nguru, shi ya sa masana da dama ke danganta bikin da wannan tsohuwar alaƙa. Da mulki ya koma hannun Fulani, Sarki Sambo ya zauna a Haɗeja daga 1808, kuma bikin ya ci gaba har ya iso gare mu.

Hawan da muke kallo a yau gadon rundunar yaƙi ne. Da doki Sarki Buhari ya karya dakarun Sakkwato da Kano a Kaffur a 1853. A kan doki kuma mazajen Haɗeja suka tari Turawa ranar 25 ga Afrilu, 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada. In aka juya lissafi zuwa na Hijira, ranar ta faɗo a bakin kamawar Rabi'ul Awwal na 1324, wato mutanen gari sun shiga watan Gani na wannan shekara cikin makoki. Abin da ya riƙe waɗannan dawaki kuwa shi ne fadama: burugu da roba idan ruwa ya ja, harawa da gero daga tudu.

Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka Gani yana zagaya rani da damina cikin kimanin shekara 33. A 2015 cikin sanyin hunturu aka yi Mauludi, amma a 2023 da 2024 da 2025 duk a watan Satumba ya faɗo, ƙarshen damina. Haka ya taɓa faɗowa a 1959 da 1960, zamanin Sarki Haruna, lokacin babu madatsa ko ɗaya a kan manyan kogunan da ke ba mu ruwa. Kogi ya cika da damina, ya malale, ya ja da rani, ƙasa ta bushe. Ya sake faɗowa haka a 1991 da 1992, zamanin Sarki Abubakar Maje, daidai lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. A lokacin an riga an gama dam ɗin Tiga tun 1974, na Challawa kuma aka kammala shi a 1992. Yanzu ga shi ya dawo a zamanin Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje, amma fadamar da ya tarar daban ce. Ruwan da ake saki daga madatsun nan ya sa wurare da yawa ba sa bushewa ko da rani, kachala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa daga nan har Nguru. Yaron da ke neman ciyawar doki a yau yakan yi nisa, kuma yakan daɗe tsaye cikin ruwan da ba ya gudu.

Abu na farko da ke jiransa a wannan lokaci shi ne hangara, ƙwaron da ke faɗa wa gero idan ya fara bununi, da dare kuma ya biyo hasken fitila. Ba ya cizo. Wani ruwa ne a jikinsa mai ƙuna, idan aka murje shi a wuya ko a hannu, bayan 'yan sa'o'i sai wurin ya tashi ya ɗuri ruwa kamar ƙunar wuta. In ya sauka a jikinka, hure shi ko ka kaɗe shi a hankali, kada ka mare shi. In an riga an murje, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa nan take, kada a kai hannun ido, kada kuma a fasa ƙurjin. Masu doki su ƙara kula, domin dafin ƙwaron ba ya mutuwa ko ya bushe. A Amurka an sha samun dawakin da suka mutu saboda cin busasshiyar ciyawa da irin wannan ƙwaro ya murƙushe a ciki. A kakkaɓe dami a baza shi kafin a zuba wa doki.

Na biyu ƙarara ce, mai yaɗo a kurmi, wadda kwansonta ke da gashi siriri. Gashin nan yana shiga fata, sosa kuwa ƙara tura shi ciki take yi. A tuɓe rigar, a manna salatif a wurin a ɗaga sau da yawa, sannan a wanke da sabulu da ruwan sanyi. Rigar ma a wanke ta ita kaɗai. Tumfafiya da aguwa su kuma farin ruwansu ne matsala, musamman a ido. In ya fantsama, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na kusan kwata na awa, sannan a nufi asibiti.

Na uku shi ne wanda aka fi rainawa, alhali ya fi sauran illa. Wanda ya fito daga ruwan kachala ya ji ƙafarsa na ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje, wataƙila tsutsar tsargiya ce ta huda fata. Tana fitowa ne daga ƙananan katantanwa masu son ruwan da ke kwance cikin ciyayi. Ƙaiƙayin zai wuce cikin 'yan kwanaki, bayan makonni ko watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Wasu har yau suna ɗaukar wannan alamar balaga ce ga yaro namiji, kuma cuta ce mai lalata mafitsara idan aka bar ta. Tana da magani, Praziquantel, wanda ake bayarwa gwargwadon nauyi ko tsawon mutum, ma'aikacin lafiya ne zai auna.

Ko wanne ne daga ciki, kada a shafa man fetur, ko baƙin mai, ko toka a kan fatar da ta saluɓe. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ya fi su. In fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko wurin ya fara ruwa da zazzaɓi, ba a kwana da shi a gida.

Nan da wasu shekaru Gani zai ƙara nutsawa cikin damina, ta Agusta zuwa Yuli, kafin ya fita bazara. Saboda haka kira ga hakimai da dagatai da ƙungiyoyin matasa masu hawa, daga Auyo zuwa Guri, daga Kafin Hausa zuwa Birniwa: cikin kuɗin jalala da alkyabba a ware na takalmin roba mai tsawo, da safar hannu, da riga mai dogon hannu, da sabulu, a ba mai yankan ciyawa. Bayan biki kuma a tambaye shi lafiyar fitsarinsa, in da matsala a kai shi asibiti. Duka kuɗin bai kai na sirdi ɗaya ba.

Dattawan da ke cikinmu waɗanda suka ga Ganin 1960 ko na 1992, muna roƙon ku faɗa mana daga wace fadama ake yanko ciyawa a lokacin, mu adana. Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.